Daga ina runduna ke samun dawakin yaƙi, kuma me ya kai alfadari fagen fama?

Tambayar ta wani matashi ce daga Bajoga, mai doki ɗaya da yake riƙo saboda hawan sallah. Ya ce shi dokinsa guda ɗaya tak yana neman cinye masa albashi, to yaya rundunar da ke da dubban dawaki take samo su, ta kuma ciyar da su ana tsakiyar yaƙi? Me ya sa ake yawan ambaton alfadarai alhali ga dawaki? Kuma da za a bukaci irin wannan a ƙasarmu yau, zai yiwu?

Ɗana, kukan da ka yi kan abincin dokinka shi ne rabin amsar. Ni aikina duba lafiyar dabbobi ne tsakanin Bauchi da Gombe, saboda haka ta ɓangaren dabbar zan ɗauko maka zancen, ba ta ɓangaren jarumin da ke kanta ba. A harkar nan sayen doki shi ne abu mafi sauƙi. Wahalar ita ce a kai shi bakin daga da ransa da ƙarfinsa, sannan a sami na maye gurbinsa idan ya faɗi, domin faɗuwa kam zai faɗi. Yawancin dawakin da suka mutu a manyan yaƙe-yaƙe ba harsashi ya kashe su ba. Yunwa ce, da cuta, da gajiya, da gaggawar masu su.

Fara da lissafin haihuwa. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, ta haifi duƙushi ɗaya. Duƙushin nan sai ya kai shekara 5 kafin ƙashinsa ya yi ƙwarin da zai jure jan igwa ko ɗaukar mutum da kayan faɗansa wuni guda. Idan aka ce a ninka bindigogi, masana'anta za ta ƙara ma'aikata ta ninka cikin watanni. Doki ba ya jin wannan umarni. Duk dokin da ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, kusan an riga an haife shi kafin a harba harsashin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa hanyoyin samu ba su wuce uku ba: a karɓi na mutanen gida, a sayo daga wata ƙasa, ko a kwaso na abokan gaba.

Ingila ta shiga yaƙin 1914 da dawakin soja kamar 25,000 kacal. Amma tun kafin nan hukumar da ke samar wa soja dawaki, wadda aka kafa a 1887, ta riga ta san inda dawakin ƙasar suke: na gona, na masu keken doki, na kamfanonin sufuri. Cikin mako biyu jami'ai suka bi gida-gida suka karɓi sama da 100,000. Ana biyan mai doki, amma ba shi da ikon cewa ba zai sayar ba. Wannan dabara sau ɗaya take aiki. In ka ƙara maimaitawa babu mai ja wa manomi garma, sojan ma ya rasa abinci. Daga nan sai suka fuskanci Amurka da Kanada. A garin Lathrop na jihar Misuri aka yi wani gagarumin zangon tara dawaki da alfadarai, daga can jirgin ƙasa ya kai su tashar jiragen ruwa irin ta Newport News, su ƙetare teku, a sauke su a sansanonin da ke kusa da Biristol da Libaful da Sawusamtin. Zuwa 1917 sojan Ingila na riƙe da dawaki wajen 590,000 da alfadarai sama da 200,000, ban da raƙuma da shanun ja. Mafi yawansu ba na sukuwa da takobi ba ne. Na jan igwa ne, shida-shida kan igwa ɗaya, da na jan keken abinci da harsashi da keken ɗaukar marasa lafiya.

Tsarin nan da hasara suka koye shi. A yaƙin da suka yi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, dawaki sama da 300,000 suka mutu a hannunsu. An kwaso su daga Ajantina da Ostireliya da Amurka da Hangari, sun yi makonni a tsaye cikin jirgi, ana sauke su sai a ɗora musu sirdi a nufi daji. Dokin da ya daɗe a tsaye naman jikinsa ya saki, cikinsa bai san ciyawar sabuwar ƙasa ba, wanda ya taso daga arewacin duniya ma gashin jikinsa na wani yanayi ne daban. Makonni kaɗan sai gawa. Bayan wannan ne aka mai da hutu doka: duk dabbar da ta sauka sai ta yi makonni a sansani, a killace ta, a ciyar da ita, a fara mata da tafiyar ƙasa kafin ta ga kaya.

Shi kansa sayen yana da ilmi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa layin dawaki a kasuwar Maigatari ko Potiskum ya ga irinsa. Mai saye na soja ba ruwansa da launi. Kili ne, bidi ne, danda ne, bai dame shi ba, sai dai sun fi ƙin fari saboda ana hango shi daga nesa. Baki yake fara buɗewa. Haƙoran gaba na nono sukan zube bi da bi, sai a shekara 5 na dindindin suke cika. A saman kowane haƙori akwai baƙin rami, wanda ke gogewa da shekaru, na tsakiya tukuna sannan na gefe. Da wannan ake gane ɗan shekara 6 da ɗan shekara 9. Dillalan ƙasashen Turai har sassaƙa ramin suke yi su ƙona shi ya yi baƙi, don tsohon doki ya koma saurayi, amma tsawon haƙorin da yadda ya karkata gaba sai ya tona su. Daga baki sai ƙafa. A ɗaga kofato ɗaya-ɗaya, a shafa jijiyar bayan ƙwauri a ji ko da zafi ko kumburi. A sa yaro ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, kai kana kallon kansa: dokin da ke ɗingishi da ƙafar gaba yakan ɗaga kai duk lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka. Sai a yi sukuwa da shi, a tsayar, ka kanga kunne kusa da hancinsa ka saurari numfashi. In yana fito ko gurnani, a mayar wa mai shi. Daga ƙarshe a shafa baya. Farin gashi tsilli-tsilli a mazaunin sirdi tabon tsohon miki ne, kuma inda miki ya taɓa zama nan yake komawa. Wanda ya tsallake duk wannan sai a yi masa gwajin gilanda, wata muguwar cutar majina da maruru da ke kashe doki har ta kama mutum, sannan a buga masa lambar gwamnati da wuta.

Cutar nan ta gilanda har makami aka yi da ita. A 1915 wani likita mai suna Anton Dilger, haifaffen Amurka amma mai yi wa Jamus aiki, ya riƙa renon ƙwayoyinta a wani gida kusa da Washinton don a sa wa dabbobin da ke jiran jirgi. Jamus ta gane cewa kashe alfadari a tasha daidai yake da hana igwa motsi a Faransa.

Yanzu ga abin da ke cin aljihunka. Babban dokin da ke aiki yana bukatar kamar kilo 5 na hatsi da kilo 5 na busasshiyar ciyawa kowace rana, ruwa kuwa lita 30 zuwa 40, fiye da haka in ana zafi irin namu na bazara. Ɗauki dawaki 1,000 ka buga. Buhun dawa 50 ke nan mai kilo 100 kullum, da tan 5 na harawa, da ruwa tanka guda. Kullum, ko an yi faɗa ko ba a yi ba. Mota in ka kashe ta ta daina shan mai, shi kuwa doki yana turke yana ci. Saboda haka a duk tsawon yaƙin 1914, nauyin hatsi da ciyawar da Ingila ta tura Faransa ya haura tan miliyan 5, ya ma ɗan ɗara nauyin harsashi da albarushin da ta tura. Ciyawa kuma ga ta da cin wuri a jirgi, sai an matse ta da inji an ɗaure.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan ɗaci. Dabbar da ke ɗaukar abinci ita ma ci take yi. Alfadarin da ya ɗauki kilo 80, in ba kiwo a hanya, cikin kwana 10 ko kusa da haka zai cinye kwatankwacin abin da ya ɗauko. Wato duk rundunar da ta yi nisa da jirgin ƙasa ko kogi ko rumbun mutane, dabbobinta kansu suke yi wa dako. Nafoliyon, sarkin Faransa, ya gamu da wannan da ya shiga Rasha a 1812. Kekunan hatsi suka kasa cim ma runduna, aka saki dawaki a kan ɗanyen hatsin da bai nuna ba, ciki ya kumbura, dubbai suka mutu tun a makonnin farko, tun sanyin da ake ɗora wa laifi bai zo ba. Kai ma ka san abin da sabuwar ciyawar farkon damina ke yi wa dokin da ya wuni da yunwa. Jamus ma, da ake ganin ta da tankoki a Yaƙin Duniya na Biyu, da dawaki sama da 600,000 ta shiga Rasha a 1941, kuma ta yi amfani da wajen miliyan 2 da dubu 700 kafin yaƙin ya ƙare, saboda ba ta da isasshen mai.

Sarakunanmu sun san duk wannan ba tare da takarda ba, kuma a ganina tsarinsu ya dace da ƙasarsu ƙwarai. Sarki ba ya tara dawakin yaƙi duka a bargarsa. Yana da nasa, ƙarƙashin Shamaki, waɗanda yake ɗora bayinsa da barorinsa a kai. Sauran suna hannun hakimai da masu sarauta, kowa da nasa barade, kowa yana ciyar da su daga ƙasar da aka ba shi. Ranar da aka buga tambari kowa ya fito da nasa, Madaki ya ja ragamar mahaya. Nauyin harawa da dusa da kanwa ya rarrabu ke nan a kan garuruwa da yawa. Kyautar doki kuwa ba ado ba ce kawai: wanda sarki ya ba doki da sirdi ya san ranar biya tana tafe. Shari'a ma ta ƙarfafa abin, domin a mazhabar Malikiyya mahayi kashi uku yake samu a ganima, biyu saboda dokinsa, ɗaya nasa, mai tafiya ƙasa kuwa kashi ɗaya. Tun farkon Musulunci aka san da matsalar. Ranar Badar dawaki biyu ne kawai a rundunar Musulmi. Daga baya aka keɓe hurumin Naƙi'u don dawaki, Sayyidina Umar kuma ya keɓe na Rabaza.

Lokacin fita ma lissafin ciki ne. Bayan kaka ake yaƙi, lokacin da rumbuna suka cika, harawa da karmami suna ko'ina, rafuka sun janye, ƙasa ta bushe. Kowane barde yana tafe da yaransa masu yankan ciyawa da ɗebo ruwa, ɗan lifida kuwa ya fi kowa bukatar hannu, domin lifidi nauyi gare shi da zafi, ba a sa wa doki shi sai an kusa haɗuwa. Ingarmu ake hawa, goɗiyoyi suna ƙauye suna haihuwa. Dawakinmu kuma ba a buga musu takalmin ƙarfe, abin da ya hutar da mu daga wata babbar wahala, domin dokin Turai kusan kowane wata sai maƙeri ya sake masa, runduna kuma tana jan maƙera da gawayi da ƙusoshi duk inda ta nufa. Manyan dawaki daga arewa da gabas suke zuwa, Azbin da Barno da hanyar Sudan. Abin da ake biya da shi ba abin alfahari ba ne, amma gaskiya ce: sau da yawa bayi ne. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan ya ba da labarin cewa a farkon ƙarni na 16 sarkin Barno yana ba fataken arewa bayi 15 zuwa 20 kan doki ɗaya. A hau dokin a kamo wasu bayin, a sayi wani dokin.

Dubi taswirar Bauchi da Gombe za ka ga inda kofato ya tsaya. Malam Yakubu da Modibbo Buba Yero, waɗanda suka kafa masarautun biyu, sun mallaki filaye, amma duwatsun Ningi, da na Tangale da Tula, da tsaunukan Jos sun ba masarautun nan wuya har zuwan Turawa. Doki mai lifidi ba ya hawa dutse, mutanen tsaunin Jos kuwa suna da nasu kuru, ƙanana masu tauri da suke hawa ba sirdi. Ta kudu kuma akwai abin da ya fi dutse, ƙudan tsando. Ko yau in ka bi kurmin kogin Gaji a Yankari za ka sha cizonsa. Dokin da ya kamu da sammore, cutar da ƙudan nan ke sawa, zazzaɓi ke zuwa masa yana tafiya, ya rame alhali yana ci, ƙarƙashin cikinsa da ƙafafu su kumbura, ka buɗe fatar idonsa ka gan ta fari fat. Wannan ƙuda shi ya sa daular Oyo, duk da ƙarfin mahayanta, ba ta iya kiwon dawaki a gida ba, kullum sai ta saya daga arewa, da hanyar ta toshe kuwa ƙarfinta ya karye. Shi ne kuma ya cinye dawaki da alfadaran Ingila a Gabashin Afirka a 1916, har aka koma ɗora kaya a kan mutane, cikinsu da 'yan Nijeriya. Ga kuma wata annobar da ƙananan ƙwarin dare ke yaɗawa da damina, mai cika huhun doki da ruwa har kumfa ta fito ta hanci, wadda ta fi kashe baƙin dawaki. Hayaƙin da tsofaffi ke turarawa a barga da magariba yana taimakawa wajen korar ƙwarin.

Shi alfadari, jaki ne ubansa, goɗiya uwarsa, ko da yake an ce in aka tambaye shi ubansa sai ya ce doki kawunsa ne. Soja bai damu da asalinsa ba. Ya ɗauko girman uwa da juriyar uba. Cinsa bai kai na doki ba, yana kuma narkar da ciyawar da doki zai shinshina ya bari. Kofatonsa ƙarami ne mai tauri, ba ya zamewa a dutse, fatarsa ta fi jure zafi da ruwa. Abin da mutane ke kira taurin kai, ni hankali nake kiransa: doki za ka iya kora shi har ya faɗi matacce, alfadari in ya ji ya kai iyaka sai ya tsaya, in ƙasa ba ta yi masa ba ba zai taka ba. Aibinsa ba ya haihuwa, saboda haka kowane ɗaya sai an sake haɗa jaki da goɗiya, kuma babban alfadari sai babban jaki, irin wanda namu na gida ba su kai ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa bai yi yawa a ƙasar Hausa ba. Fatakenmu jakuna da takarkarai da raƙuma suka riƙa. Sai kuma kukansa. A yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dakarun Janar Wingate na Ingila da ke kutsawa bayan layin Japan sai da aka yi wa alfadaransu aiki a maƙogwaro don kada kuka ya tona maɓoya, wasunsu ma a jirgin sama aka kai su. Rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma, inda kakanninmu da yawa suka yi aiki, su da ka suka ɗauki kayansu cikin dajin, har wuraren da alfadarin ma ba ya shiga.

Babban abokin gabar alfadari a bakin aiki shi ne mai ɗaure masa kaya. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da kilo 2 ne, akumari zai riƙa gogar wuri guda, kwana biyu fata ta saɓule, dabba ta tashi aiki na makonni. Masu jakunan da ke ɗebo yashi sun san wannan, shi ya sa za ka ga an jefa dutse a ɗaya aljihun mangala don ta daidaita. Rundunar da ta ɗauki 'yan birni waɗanda ba su taɓa riƙe ragama ba ta ba su dabbobi, miki kaɗai ya isa ya tsayar da ita. A nan likitocin dabbobi na sojan Ingila suka yi rana: asibitocinsu a Faransa sun karɓi dabbobi wajen miliyan 2 da rabi a yaƙin 1914, kusan kashi 80 cikin 100 suka koma bakin aiki. Duk da haka Ingila ta yi hasarar kusan rabin miliyan.

Waɗanda suka rayu ma ba su ga sakayya ba. Kuɗin jirgi da tsoron cuta suka hana a mai da yawancinsu gida. Ostireliya ta tura dawaki kamar 136,000, ɗaya ne tak ya koma. An sayar da wasu ga manoma da mahauta a Faransa da Beljiyam, wasu dubbai a Masar, inda wata Baturiya, Dorothy Brooke, ta tarar da ragowarsu sun tsufa suna jan kaya a titunan Alƙahira, har ta buɗe musu asibiti a 1934.

Batun ko zai yiwu a ƙasarmu yau, amsata a'a ce, in dubbai ake nufi. Bindiga mai ruwa ta gama da sukuwar barade tun tsakanin shigar Turawa Bauchi a 1902 da yaƙin Burmi a 1903, nan kusa da ku, ko da yake su Turawan sun kafa nasu sojan doki da dawakin ƙasar nan, suka shiga Kamaru da su a 1914. Dawakin da suka rage mana na hawan sallah ne da sukuwa da folo, da yawansu sayowa ake yi daga Nijar da Chadi da Sudan, an saba musu da inuwa da dusa, ba su san tafiyar wuni da kaya ba. Goɗiyoyin haihuwa sun yi ƙaranci, burtali da makiyaya sun zama gonaki, jakunan da za a haɗa kuwa cinikin fata ya rage su, har Tarayyar Afirka ta haramta yanka su don fata a 2024. Amma dabbar ba ta fita daga yaƙi ba. Sojan Indiya ya daɗe yana kai kaya sansanoninsa na tsaunukan Himalaya da alfadarai, a nan gida kuma a 2015 sai da soja suka hana hawan doki a jihar Barno, saboda 'yan Boko Haram sun koma kai hari a kan dawaki bayan an matse musu hanyar mai da babura. In da za a nemi shawarata kan wuraren da mota ba ta shiga, kamar duwatsun Mandara ko Mambila, ba dokin hawa zan ce a nema ba. Zan ce a sayo manyan jakuna, a tara lafiyayyun goɗiyoyi, a keɓe musu makiyaya da rijiya, a horar da yaran da suka tashi da jakuna kan ɗaurin kaya, sannan a sa ran alfadaran farko za su shiga aiki bayan shekara 5.